Falkaswa Bayan Girbi: Daga Funtua Zuwa Malumfashi

Wanda ya nufi Funtua ta hanyar Zariya a ƙarshen kaka, tun bai shiga gari ba zai san abin da garin yake ci da shi. Daga Giwa manyan motoci ne bi da bi, an lafta musu buhunan masara da dawa da waken suya, 'yan dako a bisa kaya sun naɗe fuska saboda ƙura. A gefen titi mata na sheƙa, samari na ɗinke bakin buhu da basilla. Yankin nan ya fi arewacin Katsina samun ruwa, ƙasarsa kuma tana riƙe danshi, shi ya sa Turawa suka sa mata ido da wuri. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa ta nan ya dangana da Ƙauran Namoda a 1929, aka kafa injin gurzar auduga, 'yan kasuwa da ma'aikata suka yi ta kwararowa. A 1975 kuma aka zaɓi Funtua, tare da Gusau da Gombe, don shirin bunƙasa noma na Bankin Duniya, wanda ya zo da takin zamani da sabon iri da hanyoyin karkara. Tun daga lokacin masara take ture auduga a gonaki, har ta kai kasuwar Ɗandume ta zama wurin da ake jin farashin hatsi kafin a ji shi a wasu manyan birane.

Ni ba sayen hatsi ya fito da ni daga Kaduna ba. Labari na daɗe ina ji cewa a ƙauyukan da ke tsakanin Bakori da Ƙafur da Malumfashi akwai ikilisiyoyin Hausawa manoma da suke ware mako guda bayan girbi don addu'a, suna kiransa makon falkaswa. A cikin garin Funtua ma akwai majami'u da yawa, amma galibin masu cika su jikokin waɗanda jirgin ƙasa da auduga suka kawo ne: Ibo, Yarbawa, mutanen kudancin Kaduna da Filato. Waɗanda nake nema 'yan ƙasa ne, mutanen da kakanninsu suka sare dajin da kansu, waɗanda a da ake kira Maguzawa.

Daga Funtua na shiga ƙaramar mota na bi ta Bakori. Inda kwalta ta ƙare mini na hau acaɓa, muka kutsa tsakanin gonakin da aka riga aka girbe, sai kara a tsaye da shanu suna kiwo a ciki. Zaman mutanen wannan yanki ba irin na gari ba ne. Gida ɗaya kakan tarar ya kusa unguwa, da sassa-sassa na 'ya'ya da jikoki, rumbuna jere a tsakiya, gonar gandu ta kewaye shi, sunan wurin kuma sunan wanda ya kafa shi ne, Gidan wane. Murray Last, Baturen da ya rubuta tarihin daular Sakkwato, a irin wannan gida ya zauna kusa da Malumfashi wajajen 1970 yana nazarin yadda mutane ke neman magani. A zamanin nan yawancin gidajen suna kan al'adar iyaye ta bauta wa iskoki. Yau wasu sun musulunta, wasu sun karɓi bishara, kuma ba abin mamaki ba ne ka iske wa da ƙane a gida guda, ɗaya yana alwala, ɗaya yana neman inda ya ajiye Littafi Mai Tsarki.

Mai masaukina mai bishara ne, wanda kowa ke ce wa Malam. Shi ma manomi ne. Da na isa na same shi da ɗansa suna ɗora damin dawa a amalanke. Bai bar aikin ba sai da ya ƙare, sa'an nan ya wanke hannu muka gaisa a tsanake, gaisuwar da ta bi ta kan gajiya da iyali da sanyi da mutanen Kaduna ɗaya bayan ɗaya. Da dare, bayan tuwon dawa da miyar kuka, na tambaye shi dalilin da ya sa suka zaɓi wannan lokaci. Ya ce da damina ba ka samun kowa, kowa yana bayan shanun huɗa ko yana duƙe da fartanya. Amma ba wannan kaɗai ba ne. Kaka ita ce lokacin da kuɗi ke shiga hannun manomi, kuma tare da kuɗi rigima take shigowa: mai bin bashin taki ya zo karɓa, 'yan'uwa su saɓa wajen rabon amfanin gandu, wanda ya bar giya ya tuna hanyar gidanta, samari su ɗaure jaka za su ci rani Abuja ko Legas. Dattawa suka ga gara a tara kowa gaban Allah tun kuɗin bai ƙare ba, tun samarin ba su watse ba. Ban taɓa jin an tsara taron addu'a da irin wannan lissafi ba, kuma har yanzu ban ga aibinsa ba.

Ƙararrawarsu tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataya a jikin bedi. Ana buga shi da asuba, kusan daidai da kiran salla daga ƙauyen da ke hayin rafi. Mutane suka fito cikin hunturu, kowa lulluɓe da mayafi ko bargo, masu tocila suna haska wa tsofaffi hanya. Majami'ar ginin ƙasa ce da rufin kwano, maza a gefe, mata a gefe, yara a gaba kan tabarma suna gyangyaɗi. Aka yi waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, ba kiɗa. Wani saurayi ya karanta Zabura ta 51, yana bin layi da yatsa. Daga nan Malam ya ce kowa ya durƙusa ya bincika kansa, ya koma ya zauna.

Shirun nan ya daɗe har na fara tsammanin an manta da abin da ke biye. Ba wanda ya cika shi da jita ko da ihu. Kana jin tarin tsofaffi da carar zakaru, can kuma wata mata tana kuka ƙasa-ƙasa. A kwanakin farko na makon ba a roƙon komai, ba lafiya, ba kasuwa, ba haihuwa. Tuba kawai ake yi, da neman gafarar juna. Wani magidanci mai furfura ya miƙe ya ce shekara biyu ke nan ba ya gaisawa da ƙanensa saboda iyakar gona. Ya ce shi ne ya tura kunya uku cikin gonar ƙanen lokacin huɗa, ya kuwa san abin da yake yi. Bai yi wa maganar ado ba. Ya taka zuwa inda ƙanen yake zaune ya durƙusa, wa a gaban ƙane, abin da Bahaushe ya san nauyinsa. Ƙanen ya kama shi ya ɗaga yana cewa, "Yaya, tashi, don Allah tashi, ya wuce." Ba wanda ya tafa. Dattijo ɗaya ya ce idan rana ta yi za a je da shaidu a mayar da iyakar inda take, aka kuwa je, na bi su, na ga an dasa gamba a kan layin.

Da na yi wa Malam maganar wannan tsari, sai ya ce, "Wanda ya dunƙule hannu a kan ɗan'uwansa, da wane hannun zai karɓi abin da yake roƙo?"

A nan dole in yi ɗan tsokaci a kan namu na birni. Mu ma muna taron falkaswa, har ma mun fi su yawan yi. Sai dai namu yakan fara da fosta mai hoton babban baƙo, da hayar janareta da lasifikan da za su hana unguwa barci, ya ƙare da addu'ar ƙarin girma a ofis da faɗuwar maƙiya. Ba na cewa Allah ba ya jin wannan. Abin da na lura shi ne mutum yana iya kwana bakwai a irin taron nan ya fita bai taɓa tambayar kansa ko akwai wanda ya zalunta ba. A ƙauye kuwa ba wurin ɓuya. Wanda ka cuta yana zaune a bencin da ke bayanka, matarka ta san gaskiyar abin da ka faɗa, gobe kuma za ku haɗu a rijiya.

Wannan hali na mutanen ƙauye yana da tushe. Gwamnatin Turawa ta daɗe tana hana 'yan mishan aiki a cikin masarautun Arewa, sai a shekarun 1930 aka sassauta, musamman ta hanyar jinyar kutare. Haka ƙungiyar mishan ta SIM, wadda ta fara shigowa Nijeriya a 1893, ta samu wurin zama a Babbar Ruga kusa da Katsina, ta kuma kafa mazauni a Malumfashi. Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa ya riga ya fito a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya ba da ƙarfinsa a kai. Saboda haka bishara ba ta zo wa manomin nan da baƙon harshe ba, da harshen da yake yi wa shanunsa tsawa ta zo. A 1954 ikilisiyoyin SIM suka tsaya da ƙafarsu da sunan ECWA. Amma tsofaffin da na zauna da su, in ana zancen lokacin da abin ya kama da gaske, Sabon Rai Don Kowa suke ambata. Wannan shiri ya taso a farkon shekarun 1960 ta hannun Gerald Swank, malami a makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kagoro, tare da shugabannin ikilisiyoyi dabam-dabam, bisa misalin wani shiri da aka gwada a ƙasashen Latin Amurka. Dabararsa ba ta da wuya: kafin a fita wa'azi, a fara kafa ƙananan ƙungiyoyin addu'a a gidaje, mutum biyar ko shida suna haɗuwa kullum, kowa yana ambaton sunan wanda yake roƙa wa. Aikin ya bar hannun fasto ya koma hannun talaka. Irin gidajen nan masu sassa da yawa kuwa kamar don wannan aka gina su, domin sashe ɗaya ya isa ƙungiya.

Har yanzu ana addu'a da sunaye. Wannan na fi gani a wurin mata. Da la'asar 'yan Zumuntar Mata suke taruwa, sanye da zane iri ɗaya, da tulu da caki. Tulun nan na ƙasa ne mai huda a gefe, ana buga bakinsa da wani faifan soso, yana ba da wata murya mai zurfi da kake ji a ƙirji. Waƙoƙinsu da yawa su suka tsara abinsu, a kan karin waƙar daka da ta niƙa, mai bayarwa ta bayar, saura su amsa. In an gama waƙa sai shugabarsu ta buɗe wani tsohon littafin rubutu na 'yan makaranta ta fara kira: wance tana da ciki wata takwas, wane yana kwance asibitin Malumfashi, 'ya'yan wance uku suna ci rani, gidan wane ba su samu noma gonarsu ta nesa ba. Kowane suna sai an samu wadda ta ɗauke shi, ita za ta riƙe shi har mako ya zagayo, ita kuma za ta je ta dubo ta kawo labari. Da yawansu karatunsu na boko bai wuce na ajin yaƙi da jahilci ba, wanda suka shiga don su iya karanta Littafi da kansu. Amma ban ga ofishin da ya fi su bin diddigin abin da aka damƙa masa ba.

A cikin wannan littafi akwai shafin da ba a so a buɗe, na waɗanda ke hannun 'yan bindiga. Kudancin Katsina ya sha wuya a shekarun nan. Duniya ta ji labarin ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 da aka kwashe a Disamba 2020, amma ba ta jin na manomin da aka ɗauke a gona a Faskari ko Sabuwa, ko na ƙauyen da aka ɗora wa haraji kafin a bar shi ya yi girbi. Wannan ne ma ya sauya tsarin makon. A da kwana ake yi ana addu'a har gari ya waye. Yanzu an mayar da taro asuba da la'asar, da magariba kowa yana gida, samari kuma suna karɓa-karɓar tsaro. Wata tsohuwa da aka taɓa sace ɗanta, sai da suka sayar da shanun huɗa kafin ya dawo, ita aka ba addu'ar wannan shafi. Ta roƙa wa waɗanda aka kama. Sa'an nan, ba tare da ta sauya murya ba, ta roƙa wa waɗanda suka kama su, tana kiransu yaran da ke daji. Bayan an tashi na ce mata, "Inna, wannan addu'a ba ta yi miki nauyi?" Ta ce, "Tana yi, ɗana. Shekara guda ban iya yinta ba, in an zo wurin sai in yi shiru. Amma su ma wata ce ta haife su."

A tsakiyar makon na leƙa Malumfashi, garin Galadiman Katsina, don in ga 'yan Katolika. Limaman ɗariƙar Dominikan daga Amurka ne suka karɓi aikin yankin Sakkwato da Katsina a shekarun 1950, kuma Malumfashi ta zama cibiyar aikinsu a tsakanin Hausawan karkara, har da makarantar horar da katikis. Katikis ɗin nan su ne ƙashin bayan aikin, domin akwai ƙauyukan da Fada ba ya samun zuwa sai jefi-jefi, su ke jan sujadar Lahadi, su ke koyar da masu shirin baftisma, su ke zuwa gaban gawa. Cocin garin, mai sunan Waliyyi Vincent Ferrer, nan ne 'yan bindiga suka faɗa wa cikin dare a watan Mayu 2021, suka kashe Fada Alphonsus Bello, suka tafi da dattijo Fada Joseph Keke, wanda daga baya aka sako. Shekara guda bayan haka, a Mayu 2022, aka sace wasu limaman biyu a Gidan Mai Kambu cikin ƙasar Ƙafur, suka yi sama da wata guda a daji. Wurin da aka yi wa haka, da an same shi a kulle ba wanda zai zarge shi. Cocin Malumfashi kuwa na same shi a buɗe, mata da 'yan makaranta durƙushe suna jan carbi da Hausa, murya ɗaya, ba gaggawa. A Oktoba 2023 Paparoma Francis ya yanke Katsina daga Sakkwato ya mai da ita dayosis mai zaman kanta, ya naɗa mata Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar Malumfashi, wanda aka keɓe a Disamba na shekarar, Bahaushe na farko da ya zama bishof a Katolika. Ko 'yan ECWA na ƙauye in sun ambace shi, "namu" suke cewa.

Salon biyu ya bambanta. Na Katolika addu'a ce tsararriya da ake maimaitawa har ta zauna a baki, na ECWA kowa da kalmominsa. Amma abin da ke cikin roƙon kusan ɗaya ne, kuma bai tsaya a kan Kirista ba. Harin da aka kai masallacin Unguwar Mantau a ƙasar Malumfashi a Agusta 2025, inda aka kashe masallata da dama suna sallar asuba, na ji an ambace shi a addu'a a ƙauyen da na sauka, an roƙa wa marayu da matan da aka bari. Ba a yi haka don baƙo ya ji ba. Waɗanda aka kashe abokan cin kasuwarsu ne, wasu ma dangi ne ta wajen uwa.

Sai a kwanakin ƙarshe aka juya ga roƙo, bayan azumin yini guda da aka buɗe da kunun tsamiya a harabar majami'a. Aka kira samarin da za su ci rani gaba, iyayensu suka ɗora musu hannu, aka roƙa musu tsari daga haɗarin hanya da mugun aboki, aka kuma ja musu kunne su dawo kafin ruwan shuka. Aka roƙa wa Galadima da masu unguwanni da gwamna, aka roƙi farashin da ba zai karya manomi ba. Wani yaro da aka ce shi ma ya yi addu'a ya roƙa wa jakinsu mai ciwon ƙafa, jama'a suka ce amin da gaske.

Ranar Lahadi aka yi godiyar kaka. A nan ne kiɗa ya fito sosai, 'yan Sabon Rai da gangunansu, mata da tulu, gida-gida ana shigowa da rawa: damin dawa a ka, kwaryar wake, buhun masara da mutum biyu suka kama, kaji ɗaure da ƙafa, har da ɗan akuya da ya ƙi tafiya sai da aka sungume shi. Gaban majami'a ya cika har Malam ya rasa inda zai tsaya.

Bayan sujada dattawa suka zauna a ƙarƙashin bedi, ma'aji ya auna komai da tiya ya rubuta. Nan gardama ta tashi. Rufin majami'ar yana yoyo, an kuma shekara biyu ana ɗaga maganar sabon kwano. Wasu suka ce a sayar da hatsin yanzu a huta. Shugabar mata ta aiko a faɗa musu cewa gidaje huɗu na waɗanda suka gudo daga yamma suna zaune a sassan mutane, ba su noma ko kunya ɗaya ba, kuma sunayensu suna cikin littafinta. Aka yi ta ja, har wani ya ce in rufi ya faɗo wa mutane a ka, wa za a tambaya? Daga ƙarshe aka raba: kason Malam da na asusun gunduma aka fitar, gidajen nan huɗu da gwauraye mata aka auna musu abin da zai kai su bazara, sauran aka zuba a rumbun ikilisiya sai farashi ya tashi. Kwano kuma aka ce a nemo mai faci daga Ƙafur ya liƙe inda ya fi yoyo, a sake duba maganar baɗi.